Yadda ake kula da siririn jirgin kanal a Ingila don kada ya nutse, kada kuma ya halaka mai shi

A Ingila da Wales akwai hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000 a hannun hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012. Yawancin kanal ɗin an haƙa su ne a ƙarni na 18 da farkon na 19 don dakon kwal da kayan masana'antu. Yau masu yawon hutu ne a kansu, da waɗanda suka mai da jirgi gida, musamman a Landan inda kuɗin haya ya fi ƙarfin mutane da yawa. Faɗin jirgin ƙafa 6 ne da inci 10, domin ƙananan matakalun ruwa, wato ɗakunan ruwa masu ƙofofi gaba da baya da ake cikawa ko a rage wa ruwa don jirgi ya hau ko ya sauka, faɗinsu ƙafa 7 ne kawai. Tsawo yana kaiwa ƙafa 70, amma mai ƙafa 57 shi ne yake iya shiga kusan ko'ina.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko. Jirgin nan akwatin ƙarfe ne da aka toshe ta ƙasa. Duk abin da ya shiga cikinsa, in dai ya fi iska nauyi, ba shi da mafita. Ruwa ya shiga, ƙasa zai taru. Iskar gas ta yi yoyo, ƙasa za ta kwanta. Dizal ya zube, haka. Yawancin aikin kula da jirgi a nan ya tsaya, don haka abin da ke nutsar da jirgi da abin da ke kashe mutum su za a fara da su, fenti da ado su biyo baya.

Maganar takardu gajera ce. Kafin a ba ka lasisi sai ka nuna inshorar da za ta biya ɓarnar da ka yi wa wasu har fam miliyan 2, da takardar shaidar Boat Safety Scheme, wato tsarin binciken kariya daga hatsari a jirgi, da ake sabuntawa duk shekara 4, sannan ko dai kana da wurin ajiye jirgi na dindindin, ko ka yarda za ka riƙa tafiya, ba ka wuce kwana 14 a wuri guda ba. Sai dai kada takardar shaidar nan ta ruɗe ka. Abin da mai binciken yake dubawa shi ne gas, da wayoyin lantarki, da mai, da kayan kashe gobara, da hanyoyin iska. Ba ya auna kaurin ƙarfen jirgi, ba ya ce maka inji lafiya lau. Jirgi na iya samun takardar yau ya nutse jibi.

Ƙofofi uku da ruwa ke shigowa

Na farko akwatin farfela. A bayan jirgi, daidai saman farfela, akwai wani akwatin ƙarfe mai murfi wanda ake buɗewa a zura hannu a cire abin da ya naɗe farfela: leda, igiya, tsumma, waya, wani lokaci har katifa. Alamar an kwaso wani abu ita ce jirgi ya rage gudu, sandar tuƙi ta riƙa karkarwa, salansa ta fara baƙin hayaƙi. Ka fara gwada ba da giyar baya na ɗan lokaci, sau da yawa ganye yana saki da haka. In bai saki ba:

1. Ka tsaya, ka ɗaure jirgi, ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka. Ba a barin sa a jiki, ko da kai kaɗai ne a jirgin.
2. Ka kwance sandar da ta danne murfin, ka ɗaga shi.
3. Ka sa doguwar safar hannu. Ƙugiyar masu kamun kifi da waya suna yanka. Ka yi amfani da tsohuwar wuƙar burodi ko ƙaramin zarto, ka juya farfelar da hannu ka tabbata ta saki gaba ɗaya.
4. Abin da ka ciro ka sa a buhun shara, kada ka mayar ruwa.
5. Ka duba robar bakin murfin. In ta tsage ko ta daskare, a sake ta.
6. Ka mayar da murfin daidai, ka ɗaure tamau.
7. Ka tayar da inji, ka sa giyar gaba da ta baya, kana kallon bakin murfin. Ko ɗigo kada ka gani.

Mataki na bakwai shi ne wanda ake tsallakewa, kuma shi ne ke nutsar da jirgi. Bakin akwatin yana sama da ruwa, shi ya sa in jirgi na tsaye ba a ganin komai. Da farfela ta fara juyi sai ta riƙa watso ruwa sama da ƙarfi, ya cika ramin inji a ƙarƙashin ƙafar matuƙi ba tare da ya sani ba. Baya ya yi nauyi, ya nitsa, bakin akwatin ya koma ƙarƙashin ruwa, daga nan kuma mintoci kaɗan suka rage.

Na biyu makwancin shaf, wato inda sandar da ke juya farfela ta huda jikin jirgi ta fita. A yawancin jirage an cusa wata igiya mai maiƙo a kewayen shaf ɗin, an matse ta da noti biyu, sannan akwai wata tukunyar giris ta tagulla mai hannun murɗawa. Kullum ka gama tafiya, ka murɗa hannun har ka ji ya yi tauri, galibi juyi ɗaya ko biyu. Giris ɗin da ruwa ba ya narkarwa ake sawa, ba na mota ba. Ɗigo jefi-jefi lokacin tafiya ba laifi ba ne. In kuwa yana ɗiga bayan an sa giris kuma jirgi na tsaye, ka ƙara matse notin biyu, kowanne rubu'in juyi, daidai wa daida. Bayan nan ka juya shaf da hannu, inji a kashe. In ya ƙi juyawa, ka matse da yawa, ka sassauta. Bayan tafiyar rabin awa ka taɓa wurin: ɗumi ba komai, zafin da hannu ba ya jurewa yana nufin igiyar na ƙonewa tana cin shaf. Ranar da noti suka kai ƙarshe, igiyar ta ƙare. Ana sa sabuwa zobe-zobe, galibi uku, a karkata mahaɗar kowane zobe daga na kusa da shi. Wannan aiki ya fi sauƙi ranar da aka fitar da jirgi daga ruwa.

Na uku ruwan sama, wanda a Ingila ba ya da lokaci. Jiragen da ke da buɗaɗɗen dandali a baya suna da 'yan kwatoci a ƙarƙashin allunan da ke rufe inji, su ke kai ruwa waje. Ganyen kaka yana toshe su, ruwa ya koma ramin inji. Ka riƙa zura waya kana share su, haka ma ramukan da ke fitar da ruwa daga dandalin gaba. Famfon tsotse ruwa mai tashi da kansa ka gwada shi duk mako: ka ɗaga abin da ke yawo a kan ruwan da yatsa ka ji ya tashi. A haɗa shi da batir ta fis ɗinsa, ta yadda zai yi aiki ko an kashe babban makunni. Ruwan da ke ƙarƙashin injin kansa, mai gauraye da mai, ba a tura shi kanal. A tsane shi da tsumman shan mai a kai wurin zubarwa.

Akwai wani ruwan da ake mantawa da shi, na cikin ɗaki. A can ƙarshen ɗaki ta baya yawanci akwai ɗan murfi a daɓe. Ka buɗe duk wata ka haska. In ka ga ruwa, daga famfon wanka ne, ko taga, ko tankin ruwan sha. Famfon ruwa da ke tashi da kansa cikin dare alhali ba wanda ya buɗe komai, yoyo yake gaya maka.

Ƙarfen jiki

Jiragen zamani yawanci ƙasansu milimita 10 ne, gefe 6, ɗaki 4 ko 5. Tsatsa ta fi ci a daidai layin ruwa, inda iska da ruwa suke haɗuwa. Maganinta baƙin fenti. Mai kwalta yana ɗaukar shekara 2 zuwa 3. Na ifoksi mai haɗi biyu yana wuce shekara 5, amma sai an fara kankare ƙarfen da injin feshin yashi, kuma ba ya kama kan tsohuwar kwalta.

In za a shafa kwalta, a fitar da jirgi, a wanke shi da injin feshin ruwa nan take kafin gansakuka ta bushe. A kankare abin da ya ɓamɓaro, a goge tsatsa da burushin waya, a bari ya bushe sarai. Shafi biyu ko uku, awa 24 tsakanin kowanne, a ƙara ɗaya a layin ruwa, sannan a bar shi awa 48 kafin a mayar. Gaggawar mayarwa ita ke sa fenti ya saɓule cikin 'yan watanni. Haka shafawa kan raɓa. Wanda ya samu zaɓi ya yi aikin tsakanin bazara da farkon kaka.

A wannan fitowar ne ake duba anod, dunƙulen ƙarfe da ake waldawa a jikin jirgi, galibi biyu a gaba biyu a baya, domin su ruɓe a madadin jirgin. A ruwan daɗi magniziyam ake sawa, zinki na ruwan gishiri ne. In rabi ya cinye a ƙara sabo. Kada fenti ya taɓa su. Anod da ya shekara huɗu bai ragu ba, ba abin murna ba ne, bai yi aiki ba ke nan. Jirgin da ke zama a marina, wato wurin ajiye jirage, yana shan wutar lantarki daga tudu kuma yana buƙatar na'urar raba waya, wadda ke hana ƙaramar wuta bi ta wayar ƙasa tsakanin jirage tana huda ƙarfe da ƙananan ramuka. Kafin sayen tsohon jirgi, a fitar da shi a sa ƙwararre ya auna kaurin ƙarfe. Kamfanonin inshora da yawa ba sa son ganin ƙasa da milimita 4.

Inji, mai da batir

Kowace safiya kafin tashi: baƙin mai a sandar awo, ruwan sanyaya inji tun yana sanyi, fambel (ya lotsa kamar santimita ɗaya in an danna tsakiyarsa), sai leƙa ƙarƙashin inji ko akwai sabon yoyo. Yawancin waɗannan jirage ba su da lagireto. Wani siririn tanki ne aka walda a cikin jikin jirgi ƙarƙashin ruwa, kanal ɗin ke sanyaya shi. In iska ta taru a samansa inji zai riƙa zafi, sai a sassauta notin da ke kansa har ruwa ya fito.

Juyen baƙin mai da filta duk awa 250 ko sau ɗaya a shekara, wanda ya riga zuwa, sai in littafin injin ya faɗi wani abu dabam. A juye tun inji na da ɗumi. Tsofaffin injina irin BMC da Lister mai na gargajiya suke so, ba na zamani mai tsada ba. Barin inji yana aiki awa da awa ba kaya a kansa, don cajin batir kawai, yana sa cikin silinda ya yi santsi, ya fara shan mai yana hayaƙi.

Dizal na yanzu yana iya ɗauke da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, kuma wannan yana jan ruwa. Inda ruwa da mai suka haɗu a gindin tanki, ƙwayoyin cuta suna haihuwa su zama baƙin kumfa mai yauƙi da ke toshe filta. Inji ya riƙa shaƙewa yana mutuwa, galibi bayan jirgi ya girgiza a kogi, inda ya fi hatsari. Ka riƙa zubar da ruwan da ke gindin filtar farko duk wata, ka duba robar murfin tanki, ka kuma tsotso ɗan mai daga can ƙasan tanki sau ɗaya a shekara ka zuba a kwalba ka gani. Bayan canza filtar mai sai an fitar da iska daga bututu, in ba haka ba inji ba zai tashi ba.

Batiran ɗaki dabam, na tayar da inji dabam. Batirin dalma cikakke yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7 in ya huta. Ya sauka 12.2, rabi ya tafi, kada a wuce nan. Abin da ke kashe su da wuri shi ne barin su rabi-rabi kwana da kwanaki. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ko batir da ya yi zafi, a kashe caji nan take a buɗe wurin. Ka sani kuma ƙa'idar lasisi ta hana kunna inji ko janareta a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe in akwai maƙwabta.

Gas, murhu da hayaƙi

Tukwanen gas, galibi masu kilo 13, suna zama a akwatinsu na ƙarfe mai rami a ƙasa da ke fitar da yoyo waje, sama da ruwa. Kada a ajiye igiya ko gwangwanin fenti a ciki su toshe ramin, kada kuma a bar gindin akwatin ya yi tsatsa ya huje zuwa cikin jirgi. Tiyon roba da ya tsattsage a sake shi, ragwaleta kuma in ta kai shekara 10. Aikin bututu na mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar ƙwararrun masu aikin gas ta Birtaniya, wanda takardarsa ta haɗa da jiragen ruwa. Yana da kyau a sa ƙaramar na'urar gwajin kumfa a layin: ka kashe duk kayan girki, ka buɗe tukunya, ka danne maɓallin aƙalla minti ɗaya. Kumfa ta ci gaba da tashi, akwai yoyo. In ka ji warin gas, ka rufe tukunya, ka kashe duk wata wuta, kada ka taɓa makunnin lantarki ko ɗaya, har da na famfon tsotse ruwa, ka buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita.

Kabon monoksayid ba ta da wari, kuma ita ce dai iskar da ke kashe iyali in an kwana da janareta a ɗaki. A jirgi tana fitowa daga murhun itace ko kwal, daga salansa, daga janareta da aka kunna a dandali ƙarƙashin tamfol, har daga bokitin toka mai ɗumi. Tun Afrilun 2019 dole ne jirgin da ke da ɗaki ya kasance da ƙararrawarta. Ka sayi mai lamba BS EN 50291-2, wadda aka yi don jirage, ɗaya a ɗakin murhu, ɗaya kusa da kan gado. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da ke sauƙi in an fita waje, kada a ce mura ce. A fita, a kira 999, lambar agajin gaggawa.

Ramukan iska na rufi da na ƙasan ƙofa ba a toshe su, komai sanyi. Wannan kuskure ne da sabon mai jirgi kan yi a hunturunsa na farko. Bututun hayaƙin murhu gajere ne, yana saurin cika da baƙi, don haka a share shi kafin hunturu da kuma sau da yawa a cikinsa, a ɗaga farantin da ke saman cikin murhu a kwashe abin da ya zubo. Igiyar bakin ƙofar murhu, ka gwada ta da takarda: ka rufe ƙofa a kanta, in ta zaro da sauƙi igiyar ta mutu. Harshen wutar girki shuɗi ake so, rawaya alamar matsala ce. Jirgin da ya wuce mita 11 yana buƙatar tukwanen kashe gobara uku da bargon kashe wuta kusa da wurin girki. Kuma kada a kwana an garƙame ƙofar baya da kwaɗo ta waje.

A cikin matakala

Nan jirage masu lafiya suke nutsewa. A ƙarƙashin ƙofofin sama akwai dokin ƙofa na dutse ko siminti da ya shigo cikin matakalar, ba a ganinsa in ruwa ya cika. An ja farin layi a bango daidai inda ya ƙare. Lokacin sauka, bayan jirgi ya kasance gaba da layin nan, kuma matuƙi ya ci gaba da dubawa, domin jirgi yana ja da baya da kansa. In baya ya hau dokin ƙofa ruwa na janyewa, gaba zai dulmiya. Gaban ma yana iya maƙalewa a ƙofa. A 1998, a wata matakala kusa da Gargrave a kanal ɗin Leeds da Liverpool, jirgin Drum Major ya maƙale ya nutse, mutum huɗu suka rasu.

Don haka mai buɗe tagogin ruwa, wato kafofin da ake buɗewa ruwa ya shiga matakala ko ya fita, ba ya barin wurin, idonsa na kan jirgi da matuƙi. Da an ga jirgi ya karkata, a rufe duk tagogin nan take, a tsaya a duba, sannan a mayar da ruwa a hankali ƙwarai. Lokacin hawa, a fara buɗe tagogin ƙasa kaɗan-kaɗan. Na jikin ƙofa sai ruwa ya rufe su, in ba haka ba za su kwararo ruwa cikin dandalin gaba. Hannun murɗawa da ake buɗe tagogin da shi kada a bar shi a jikin ƙarfen mai haƙora da ke ɗaga su. In harshen da ke riƙe haƙoran ya zame, zai juya da ƙarfin da ke karya haƙori da hannu. Igiya kuma ba a ɗaure ta lokacin sauka, riƙewa ake yi ana saki.

Iyakar gudu mil 4 ne a awa, kuma in igiyar ruwanka na dukan gaɓa ka wuce kima. Ana kaucewa ta dama, a wuce jiragen da ke ɗaure a mafi ƙarancin gudu. Matuƙi ya tsaya gaban sandar tuƙi, ba gefenta ba, domin in abin tuƙin ya daki wani abu a ƙasa sandar na iya share mutum zuwa kan farfela. Wani ya faɗa ruwa, abu na farko a cire inji daga giya don farfela ta tsaya. A yawancin kanal mutum zai iya miƙewa tsaye, amma ba a matakala ko kogi ba, shi ya sa yara, da wanda bai iya iyo ba, da mai tuƙi shi kaɗai suke sa rigar ceto. Wanda ya faɗa ya yi wanka ya wanke duk wani rauni. In zazzaɓi ya biyo baya cikin makonni, ya gaya wa likita ya shiga ruwan kanal, saboda cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. Ka riƙa lura da lambar gadar da ka wuce, da ita za ka kwatanta wa masu agaji inda kake.

Wajen ɗaurewa, igiyar gaba da ta baya su fita a karkace, turaku a kafe su nesa da bakin gaɓa a sa musu abu mai haske don masu tafiya. Igiyar tsakiya ta rufi ba ta kwana a ɗaure, tana karkata jirgi in ruwa ya sauya. A kogi a bar sassauci.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris hukumar da ke kula da kanal ɗin tana rufe wasu matakalu don gyara, sai a duba jadawalin kafin a tsara tafiya. Tuƙi cikin ƙanƙara yana kankare baƙin fenti a layin ruwa, naka da na maƙwabta. In za a bar jirgi ba kowa, a cika tankin dizal, a auna ƙarfin maganin daskarewa a inji da bututun ɗumama ɗaki, a rufe gas daga tukunya. A rufe bakin tankin ruwan sha, a kunna famfo har ya tsotse, a kashe shi, a bar kawunan famfo a buɗe, a zubar da tankin ruwan zafi da na'urar dafa ruwa, a cire kan shawa. A jingine katifu, a bar ƙofofin kabad a buɗe don iska ta zaga. A cika batir, a murɗa giris, a share kwatocin dandali. Sannan a riƙa zuwa duk mako biyu ko uku, musamman bayan ruwa mai yawa ko narkewar ƙanƙara, a duba ramin inji, igiyoyi da ƙarfin batirin da famfon tsotse ruwa ya dogara da shi.